Tambaya da Amsa: Danna Ɗaya, Danna Biyu a Gurbin Adireshin Burauza

Wasiƙun da suka zo mana daga Jos a wannan karon kusan duk wuri guda suka nufa: dogon akwatin nan da ke saman burauza, inda ake rubuta adireshin shafi. Hannu yana kai masa sau da yawa a yini ba a ko lura, sai ranar da ya yi gardama. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna.

Assalamu alaikum. Ina da shagon kafe a titin Bauchi, kusa da jami'a. Kullum sai an kira ni a kan abu guda: mutum yana son gyara lamba ɗaya tak a cikin adireshi, ya danna, duk rubutun ya yi shuɗi, yana buga harafi sai komai ya ɓace. Kwamfutocina ne suka lalace, ko akwai saitin da zan canza?
*Mai kafe, titin Bauchi*

Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfutocinka lafiyarsu ƙalau. Haka aka ƙera Chrome da Edge da Firefox su yi, kuma da gangan ne. A kowane akwatin rubutu, ko a Word ko a fom ɗin rajista, danna ɗaya tana ajiye tsinken rubutu ne, ɗan layin nan mai ƙiftawa, a inda ka danna. Gurbin adireshi ne kaɗai aka ware. Masu ƙera burauza sun duba sun ga cewa wanda ya kai hannu can yawanci wani shafin yake son tafiya, ko kuma adireshin yake son kwafewa gaba ɗaya. Duka biyun sun fi sauƙi idan an zaɓe rubutun duka. Shuɗin nan alama ce cewa an zaɓe shi, kuma duk abin da aka buga a kansa zai maye gurbinsa.

Sirrin da abokan cinikinka ba su sani ba shi ne, burauza ba ta yanke hukunci a lokacin da yatsa ya sauka a kan maus. Tana jira ne sai an saki. Idan aka danna aka saki a wuri guda, sai ta zaɓe komai. Idan kuwa aka danna aka riƙe aka ja, sai ta fahimci cewa wani yanki ake so, ta bar mutum da abin da ya ja. To mai son gyara lamba ɗaya, tun kafin ya taɓa gurbin, ya kai maus gaban lambar, ya danne, ya ja a kanta, ya saki, ya buga sabuwar. Magana ta ƙare.

Idan kuma an riga an danna, komai ya yi shuɗi, a dakata kaɗan a sake dannawa sau ɗaya. Shuɗin zai tafi, tsinken ya tsaya a wurin. Dakatawar tana da muhimmanci, domin Windows yana ɗaukar dannawa biyu da suka zo cikin rabin sakan a matsayin abu guda, kuma danna biyu a jere kalma ɗaya take zaɓa. Uku a jere kuma ta sake zaɓe layin duka. Shi ya sa za ka ga mai gaggawa yana ta bugun maus, shuɗi yana zuwa yana tafiya, shi kuma yana ganin kwamfutar ce ke masa wasa.

Akwai tarko guda da ya fi kama mutane. Bayan komai ya yi shuɗi, idan aka danne a cikin shuɗin aka ja, ba sabon yanki ake zaɓa ba. Rubutun ne gaba ɗaya aka ɗauko, kamar mai jan fayil zuwa wata jaka. Za ka ga inuwar adireshin tana bin maus. Sai an kawar da shuɗin tukuna ake ja.

Mu dai kibod muka fi ba wa ma'aikatan shago shawara. Ctrl da L yana kai ka gurbin ba tare da maus ba, haka Alt da D. Daga nan End ya kai tsinken ƙarshen adireshi, Home ya kai shi farko, Ctrl da kibiyar hagu ya riƙa tsallaka gaɓa-gaɓa. Idan ɓarna ta riga ta faru, Esc sau ɗaya ko biyu yana dawo da adireshin shafin da ake kai, Ctrl da Z kuma yana janye abin da aka buga.

Saiti kam babu. Chrome bai ba da wurin kashe wannan hali ba, Firefox kuma ta cire nata tun 2020. Amsar da ke biye ta yi bayanin yadda aka yi.

Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, Ubuntu, wani nau'in Linux, nake amfani da ita. Wani da ya girme mu a sashe ya ce a da Firefox ba ta zaɓe adireshi duka a Linux idan an danna sau ɗaya, kuma hakan ya fi daidai. Sannan na lura idan na danna tayar tsakiyar maus, abin da ke liƙuwa daban yake da na Ctrl da V. Shin abubuwan nan biyu suna da alaƙa?
*Ɗalibi, Unguwar Rogo*

Suna da alaƙa ƙwarai, ɗan'uwa, kuma yayan naka gaskiya ya faɗa game da tarihin.

A Windows da Mac rumbun kwafi ɗaya ne. Sai ka ce a kwafa, sannan abu ya shiga. A Linux rumbu biyu ne, gadon X11, tsarin nuna tagogi a allo da ya fito a 1987. Na farko sunansa CLIPBOARD, shi ne na Ctrl da C da Ctrl da V da kowa ya sani. Na biyu sunansa PRIMARY, shi kuma ba ya jiran umarni: duk rubutun da ka zaɓa da maus ya shiga, danna tayar tsakiya kuma ta fito da shi. A laftof, taɓa faifan yatsa da yatsu uku yakan yi aikin tayar. Ko da Ubuntu ta koma Wayland, sabon tsarin da ya gaji X11, al'adar ta biyo ta.

Yanzu ka kwatanta wannan. Kana cikin tamina, tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, wani umarni ya fitar maka da doguwar mahaɗa. Ka shafa ta da maus, ta shiga PRIMARY. Ka koma burauza, ka danna gurbin adireshi don ka share tsohon. Idan burauzar ta zaɓe tsohon adireshin kamar yadda ake zaɓen kowane rubutu, to shi ma ya shiga PRIMARY kenan, ya kori mahaɗar da ka ɗauko. Ka share, ka danna taya, sai ga abin da ka share ya dawo. An yi ba a yi ba. Don gudun wannan ne Firefox ta daɗe tana barin danna ɗaya a Linux ta ajiye tsinke kawai, ta hanyar wani saiti a about:config, shafin ɓoyayyun saituttukan Firefox, mai suna browser.urlbar.clickSelectsAll, wanda yake a kunne a Windows da Mac, a kashe a Linux.

A Firefox 75, wadda ta fito ranar 7 ga Afrilu 2020, aka cire saitin aka daidaita tsarin uku. Amma ba a yi shi da ka ba. A Linux danna ɗaya tana zaɓe komai ba tare da ta taɓa PRIMARY ba. Danna biyu tana zaɓar kalma. Danna uku tana zaɓe komai kuma ta saka shi a PRIMARY, saboda wanda ya danna sau uku da niyya ya yi. Saboda haka aikin da muka kwatanta yanzu yana tafiya lafiya: danna ɗaya, Backspace, danna taya, Enter.

Wanne ya fi daidai? A ganinmu abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai halin da ya kamata ya zama na burauza a ko'ina, akwai wanda na gidan da ta sauka ne. Danna ɗaya ta zaɓe komai yana cikin na farko, domin mutum ɗaya yakan yi aiki da Windows a ofis, da Linux a ɗakin gwaji, da Mac ɗin abokinsa, kuma hannu ba ya son a riƙa canza masa doka. Amma tsawon lokacin da ke tsakanin dannawa biyu, da ma'anar tayar tsakiya, da maɓallin da ke tsallake kalma, wanda a Mac Option ne ba Ctrl ba, waɗannan na mai gida ne, baƙo ba ya zuwa ya canza su. Ƙa'idar da Firefox ta bi mai kyau ce: zaɓen da burauza ta yi da kanta kada ya taɓa rumbun mutum. Inda za a iya yi mata ƙorafi shi ne cire saitin gaba ɗaya, alhali akwai waɗanda suka shekara goma hannunsu ya saba. Sai dai kowane saiti ƙarin hanya ce da dole a gwada ta duk lokacin da aka taɓa rubutun manhajar da ke tafiyar da gurbin, kuma gurbin adireshi ba wurin da ake son kuskure ba ne.

Idan liƙin tayar tsakiya yana damunka a GNOME, fuskar allon da Ubuntu ke zuwa da ita, manhajar Tweaks tana da wurin kashe shi.

Ina aikin buga takardu a wani shago a Terminus. A Chrome idan na danna adireshi karo na biyu, sai rubutun ya zabura ya matsa dama, wurin da na nufa ya kuɓuce mini. Me ke kawo haka?
*Mai buga takardu, Terminus*

Malama, abin da kike gani a gurbin ba shi ne cikakken adireshin ba. Chrome yana ɓoye https:// da www. muddin ba gyara ake yi ba. Ya fara ɓoye www. a siga ta 69 a 2018, aka yi ca, ya janye, sannan ya dawo da ɓoyon a siga ta 76 a 2019. Da kin danna karo na biyu sai ya ɗauka gyara za ki yi, ya fito da abin da ya ɓoye. Haruffa 12 ne suke shigowa daga hagu a lokaci guda, su ture sauran. Tsinken yana nan a harafin da kika nufa, amma maus ɗin ya koma kan wani harafin daban, to da kin ja sai ki ja abin da ba shi ba.

Maganin yana da sauƙi. Ki danna gurbin da maɓallin dama, ki zaɓi layin da aka rubuta Always show full URLs. Daga nan adireshi zai riƙa bayyana cikakke, ba ya ƙara motsi. A Safari, wadda ma sunan shafin kaɗai take nunawa, ana shiga Settings, sai Advanced, a kunna Show full website address. A Firefox, a about:config ake mayar da browser.urlbar.trimURLs zuwa false.

Wannan ɓoyon shi ne abin da ba mu yarda da shi ba a cikin duk halayen gurbin. Zaɓe komai da danna ɗaya hali ne da ake koyo a yini guda. Rubutun da ke gudu daga ƙarƙashin hannu kuwa kullum sabo ne. Kuma ga mai cika wa mutane fom, ganin adireshi cikakke kariya ce. Ki nemi karkatacciyar sanda ta farko bayan biyun nan na https://, ki karanta abin da ke gabanta daga dama zuwa hagu. Nan ne sunan mai shafin yake. A jamb.gov.ng/ mai shafin hukumar JAMB ce. A jamb.gov.ng.misali.com/ kuwa mai shafin misali.com ne, sauran duk ado ne da kowa zai iya rubutawa. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ba ta raba gardamar nan, domin abin da take nufi kawai shi ne hanyar da ke tsakaninki da shafin a sirrance take, ba wai mai shafin mutumin kirki ba ne. Chrome ma ya sauke kwaɗon a 2023 ya sa wata alamar.

Wani abu da ya shafi aikinki: Ctrl da Enter yana ƙara www. a gaba da .com a baya. Ga shafukan da suka ƙare da .gov.ng ko .edu.ng, wannan gajeriyar hanya wani gidan za ta kai ki.

Nakan tura wa ɗalibaina mahaɗar maƙaloli daga Wikipedia ta Hausa. A burauza ina ganin kalmar da ƙ ko ɗ ɗinta daidai, amma da na liƙa a WhatsApp sai ta koma alamomin kashi cikin ɗari da lambobi. Mahaɗar ta lalace ne?
*Malamar Hausa, Gangare*

Ba ta lalace ba, Malama, za ta buɗe. Ƙa'idar adireshin intanet haruffan Ingilishi marasa lanƙwasa da lambobi da wasu 'yan alamomi kaɗai ta yarda da su. Duk harafin da ke waje da su sai an mayar da shi lambobi. Ƙaramar ƙ tana zama %C6%99, ɗ tana zama %C9%97, ɓ tana zama %C9%93, tazara kuma %20. Burauza tana nuna miki harafin don sauƙin karatu, amma idan kika zaɓe adireshin duka kika kwafa, sai ta ba ki na asalin, har da https:// ɗin da ta ɓoye, don ya yi aiki a duk inda aka kai shi.

Nan ma yadda aka zaɓi rubutun ne ke sauya sakamako. Idan kika ja maus kika bar harafin farko, kika kwafe sauran, burauza ba ta ɗauke shi a matsayin adireshi ba, rubutu ne kawai, sai ta ba ki shi yadda kike ganinsa. Sai ki mayar da harafin da hannu. A Firefox akwai saitin browser.urlbar.decodeURLsOnCopy da ke yin wannan kullum. Sai dai ki gwada mahaɗar kafin ki tura, saboda wasu manhajojin sukan yanke ta a daidai harafin da ba su gane ba, rabi ya yi shuɗi rabi ya zauna baƙi. Mai lambobin ba ta da kyan gani, amma ba ta karyewa.

Idan tsawo ne damuwar, duba bayan alamar tambaya. Gaɓoɓin da suka fara da utm_ ko fbclid na bin sawu ne, ana iya yanke su shafin ya buɗe yadda yake. Kada dai a yanke komai da ke bayan alamar ido rufe: a YouTube, v= da abin da ke biye da shi su ne bidiyon kansa.

Tunda hunturu ya shigo, danna ɗaya nake yi amma kalma ɗaya ce ke yin shuɗi maimakon adireshin duka.
*Mai karatu, Rikkos*

Wannan ba burauza ba ce, maus ɗin ne. A ƙarƙashin maɓallin akwai ɗan makunni mai siririn ƙarfe. Idan ya gaji ko ƙura ta shige shi, sai ya yi tsalle, danna ɗaya ta isa kwamfuta a matsayin biyu. Ka gwada da wani maus ɗin. Idan babu, danna Windows da R, rubuta main.cpl, ka musanya maɓallin hagu da na dama na ɗan lokaci. In matsalar ta tafi, makunnin hagu ne ya mutu, sai sabo. A wannan tagar kuma akwai ma'aunin saurin danna biyu, da hoton jaka na gwaji a gefensa. Dattijon da sanyin Jos ya sandarar wa yatsu, danna biyunsa ba ta haɗuwa, a ja masa ma'aunin zuwa hagu.

A waya fa? Da na taɓa adireshi a Chrome sai gurbin ya zama fanko, ban ga abin da zan gyara ba.
*'Yar kasuwa, Farin Gada*

Hajiya, bai ɓace ba. A Android, Chrome yana share gurbin don ki rubuta sabo, ya sauko da tsohon adireshin layin da ke ƙasa, da 'yan alamomi uku a gefensa: ta turawa, ta kwafa, da fensir. Fensirin ne ke mayar da adireshin cikin gurbin don gyara. Tunani ɗaya ne da na kwamfuta, an dai sauya masa kama saboda yatsa ba ya iya danna biyu da ja a kan ƙananan haruffa. A iPhone, Safari tana zaɓe adireshin duka ne idan an taɓa, kuma tun 2021 gurbin ya koma ƙasan allo, kusa da babban yatsa.

Wahalar waya ita ce kai tsinke daidai kan harafi. Kada ki yi ta dungurin allo. A kibod ɗin Gboard, ki ɗora yatsa a kan dogon maɓallin tazara ki ja hagu ko dama, tsinken zai bi ki harafi-harafi. A iPhone ki danne maɓallin tazara ki riƙe, haruffan su dushe, kibod ɗin ya zama faifan jan tsinke.

Idan kuwa daga cikin Facebook kika buɗe mahaɗar, abin da ke sama ba gurbin adireshi ba ne, suna ne kawai aka nuna, ba ya gyaruwa. Ki taɓa ɗigo ukun da ke kusurwa ki zaɓi buɗewa a burauza, musamman kafin ki rubuta lambar sirri ko ta kati.

Ina gina shafin intanet na wata makaranta. Shin in sa akwatin bincike na shafin ya riƙa zaɓe komai da danna ɗaya, kamar na burauza?
*Mai gina shafuka, Bukuru*

A'a, ɗan'uwa. Gurbin adireshi ya samu wannan izini ne saboda abin da ke cikinsa ba mai amfani ne ya rubuta ba, burauza ce ta zuba. Akwatin bincikenka kuwa kalmomin mutum ne a ciki, kuma wanda ya koma musu yawanci gyara zai yi: ya rubuta sunan ɗalibi da kuskuren harafi ɗaya, ko yana son ƙara aji. Ka zaɓe masa komai, ya buga harafi, ka share masa aikinsa. Ka sa ɗan maɓallin sharewa a ƙarshen akwatin, ya isa. Mai zuwa da Tab kuma burauza da kanta take zaɓe masa rubutun akwatin, ba sai ka rubuta komai ba.

Inda zaɓe duka yake da amfani shi ne abin da aka ajiye don a kwafa ba don a gyara ba, kamar lambar asusun biyan kuɗin makaranta. Nan layi guda na CSS, harshen tsara kamannin shafi, wato user-select: all, yana sa danna ɗaya ta ɗauke lambar duka. Wanda ya fi shi ma shi ne maɓallin kwafa a gefen lambar, mai kiran navigator.clipboard.writeText, sannan ya nuna wa mutum cewa an kwafa. Ka lura wannan kiran ba ya aiki sai shafin yana kan https, ko a localhost, wato a kan kwamfutarka, lokacin gwaji. Idan ya yi aiki a laftof ɗinka ya ƙi yi bayan ka ɗora shafin, fara duba takardar shaidar tsaron shafin kafin ka taɓa rubutun manhajarka.